Neman kalma: me za mu kira populism?

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamaina. Ƙarfe huɗu zan shiga ɗakin watsa shiri, batun kuwa Tarayyar Turai ne da jam'iyyun da ke ja da Brussels, wato hedikwatar Tarayyar. Na rubuta cewa a zaɓen majalisar Turai na Yunin 2024 jam'iyyar RN ta su Marine Le Pen ta kwashe kusan kashi 31 cikin ɗari a Faransa, har shugaban ƙasar, Macron, ya rusa majalisar dokokin Faransa a daren, jam'iyyar AfD kuma ta zo ta biyu a zaɓen majalisar dokokin Jamus a Fabrairun 2025. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: populism. Sau shida ta fito a rubutun.

Na-Zazzau: Siyasar talakawa. Ki wuce abinki.

Ɗan Fagge: A'a Malam. Duk Bakanon da ya ji "siyasar talakawa", NEPU zai tuno da Malam Aminu Kano da PRP. Ranar da aka ce Le Pen na siyasar talakawa, an naɗa mata rawanin da ba nata ba.

Hajiya Babba: To ba ga "masu ra'ayin riƙau" ba, 'yata? Shi muke ji kullum a labarai.

'Yar Rediyo: Hajiya, na gwada. Ya dace da Orbán na Hungary da Wilders na Holand. Amma jam'iyyar Syriza da ta ci zaɓen Girka a 2015, da Mélenchon a Faransa, 'yan gurguzu ne, kuma da wannan kalmar ake kiransu.

Baban Nahawu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Harshen yana da injinsa. Ƙabila ta ba mu ƙabilanci, ɓangare ya ba mu ɓangaranci. Talaka sai ya ba mu TALAKANCI. Kalma ɗaya, gaɓa huɗu, mai yi kuma ɗan talakanci. Shekara uku ke nan ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, ni da na ji talakanci, mutum na gani yana shan gari ba sukari. Andrej Babiš na ƙasar Czech biloniya ne, jam'iyyarsa na cikin ƙungiyar da Orbán ya haɗa a majalisar Turai a 2024. A ce Babiš yana talakanci?

Baban Nahawu: Kunne sabo yake bi, yaro. Da aka fara cewa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ma dariya aka yi.

Ɗan Damagaram: Kuma aka koma kwamfuta, Baba. Mu nan wanda ya yi lakwal popilism yake cewa ya wuce. Kun karɓi dimokuraɗiyya ba ku mutu ba.

Baban Nahawu: Ga irinta nan. Kowace kalma a aro, har a wayi gari 'ya'yanmu ba su da na kansu. Hausar gaske nake nema, ba ta kanti ba.

Ɗan Damagaram: Siyasa Larabci ce, jam'iyya Larabci ce. Talakan naka ma masana na cewa daga wajen Buzaye muka samo shi. In tsarki ake nema, sai mu yi shiru baki ɗaya. Kuma a daina yi mana kallon ƙanne, mu ma a Nijar mun yi jam'iyyar Sawaba da jagoranta Djibo Bakary, mun san me talaka ke nufi a siyasa.

Na-Zazzau: Wa ya taɓa Damagaram kuma?

Ɗan Damagaram: Duk kalmar da aka ƙera a Kano sai a ce ita ce daidaitacciya, tamu kuwa "karin harshe".

'Yar Rediyo: Don Allah yayyena, biyu da rabi ta yi.

Malama Tarihi: Ƙanwata, bar neman fatar kalmar, nemi naman. Wanda ake kira haka raba ƙasa yake gida biyu: ga jama'a masu gaskiya, ga manya maciya amana, sannan ya ce shi kaɗai ne bakin jama'ar. A Turai manyan nan su ne Hukumar Tarayyar da ke Brussels, wadda talaka bai zaɓe ta kai tsaye ba, da alƙalai, da bankuna, da 'yan jarida. Da wannan gangar aka yi kamfen ɗin ficewar Birtaniya a 2016, kashi 52 suka ce a fita, aka fita a Janairun 2020. Abin da ya canza shi ne yawancinsu sun daina maganar fita. Le Pen ta ajiye batun barin kuɗin yuro, Meloni ta Italiya tun hawanta mulki a 2022 tana zama a teburin Brussels. So suke su rage wa Tarayyar iko daga ciki. Kalmarki dai ta ɗauko rabuwar nan ta jama'a da manya.

Hajiya Babba: Siyasar romon baka ke nan.

Malama Tarihi: Wannan kowane ɗan siyasa na yin ta, Hajiya. Kuma hukunci ne, mai karanta labarai ba alƙali ba ce.

Ɗan Fagge: "Siyasar zuga talaka a kan manya."

Na-Zazzau: Zuga ta yi zafi. Wasu ƙorafin nasu gaskiya ne, Girkawa sun sha wuyar tsuke bakin aljihu da aka ɗora musu.

'Yar Rediyo: Ga abin da na rubuta. Karon farko: "populism, wato siyasar raba talaka da manya". Sauran biyar ɗin: "jam'iyyun da ke iƙirarin su ne muryar talaka". Iƙirari ya fitar da ni daga yabo da zagi.

Baban Nahawu: Kalma takwas a gurbin ɗaya. Wannan bayani ne, ba suna ba. Ki yi na yau da shi tunda lokaci ya ƙure, amma talakanci na nan a allona.

Ɗan Damagaram: Ni ban yarda ba, ban kuma hana ba.

'Yar Rediyo: Na gode. Af, nationalism fa? Na sa "kishin ƙasa", sai na ga kamar lambar yabo nake ba AfD.

Malama Tarihi: Ƙara "tsattsauran" a gabansa ki tafi, uku ta wuce.

Baban Nahawu: Ƙasanci.