Me za mu kira "heat pump" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ƙarfe 4 za a karanta rahoto kan Gateshead a Ingila, inda tun 2023 ake ɗumama gidaje da ruwan da ya cika tsofaffin ramukan haƙar kwal. Ana ɗago ruwan daga zurfin mita 150 da ɗumin digiri 15, sai "heat pump" ya kai shi 80. Ina neman sunan wannan na'ura. Famfon zafi?

Injiniya: Kul, Malama. Mai sauraro zai ɗauka famfon wanka ne mai ruwan zafi. Kuma a gyara jimlar, ba ruwan ramin ake dafawa ba. Yana bi ta gefe ɗaya na wasu farantan ƙarfe, a zare masa ɗumi, a mayar da shi ƙasa ta wata rijiyar. Na'urar ta matsa gas ɗinta da kwamfaresa, zafin ya haura, ta zuba shi cikin ruwa mai tsafta da ke zagaya gidaje. Aikin firiji ne aka juya. Dalilin raba su kuwa, ruwan ramin akwai sinadarin ƙarfe narke a cikinsa, da ya sha iska sai ya yi jan laka ya toshe bututu. Ni "na'urar janyo zafi" zan ce.

Baba Malam: Mazuƙa. Daga zuƙa, kamar matata daga tace. Mazuƙar zafi. Kalma guda, ba sai an jero uku ba. Famfo da na'ura duk aro ne.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, mazuƙa rabin aikin ta faɗa. A Heerlen ta Holan, tun 2008, akwai rijiyoyin mita 700 masu ba da ruwa mai ɗumin digiri 28, akwai marasa zurfi da ake sanyaya gine-gine da ruwansu. Na'urar tana ɗauka tana ajiyewa ne.

Baba Malam: To janyo fa, ya faɗi ajiyewar? Ku 'yan boko kome sai an yi masa wutsiya. Kwal ɗin ma gawayi ne.

'Yar Damagaram: A'a Baba, gawayi na itace ne, kwal daga ƙasa ake tono shi kamar na Inugu. Amma ku ma Kanawa, duk kalmar da ba ta ratsa Kurmi ba sai ku ce ba Hausa ba ce.

Baba Malam: 'Yata, wa ya kawo Kano a nan?

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Na sa "na'urar janyo zafi", da bayani sau ɗaya cewa lantarki kashi 1 na ba da zafi wajen kashi 3. Injiniya, farantan fa?

Injiniya: "Farantan musayar zafi" dai, kafin a samu wadda ta fi.

Baba Malam: Ku karanta abinku. Ni a aji mazuƙa zan koyar.