Rover ta 1971: da gaske ta fi motar dizal sauƙin riƙo a Landan?

Auta: Assalamu alaikum. Jiya na je ganin wata Rover P5B ƙirar 1971, kuma ta kwanta min a rai. Kujerun fata, gabanta katako, injin V8 mai lita 3.5. Hujjata ita ce ta fi motar da nake hawa yanzu sauƙin riƙo. A Ingila motar da ta haura shekara 40, in aka yi mata rajistar tsohuwar mota, ba ta biyan harajin hanya, ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT), kuma ba ta biyan fam 12.50 na ULEZ, wato harajin hayaƙin mota na Landan, da tsohuwar dizal ɗina ke ci min duk ranar da na fito da ita.

Babban Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, ka ƙirga abin da ba za ka biya ba, ka tsallake abin da za ka biya. V8 mai kafireta biyu da giyar otomatik mai hawa uku shan mai take yi sosai. Kuma tun Satumban 2021 man da aka fi sayarwa a can E10 ne, fetur mai haɗin ethanol har kashi 10, wanda ke cinye tsofaffin tiyo da robobi. Dole ka koma E5 mai ƙarancin ethanol, mai tsada.

Kawu: Ku bi a hankali da motar nan. Ita firaministocin Birtaniya suka hau tun daga Harold Wilson, kuma a cikinta Margaret Thatcher ta isa Downing Street, gidan firaminista, a 1979, shekara shida bayan an daina ƙera ta. Marigayiya Sarauniya Elizabeth ma ta mallaki tata. Gwamnati ba ta riƙe mota haka kawai.

Babban Yaya: Kawu, da girmanka, gwamnati tana da gareji da kanikawa masu albashi. Auta a bakin titi yake ajiye mota.

Ɗan Goggo (bakanike): Ni injin bai dame ni ba. Asalinsa na kamfanin Buick na Amurka ne, Rover ta sayi haƙƙinsa, kuma shi aka sa wa Range Rover tun 1970, aka yi ta amfani da shi shekara da shekaru. Kayan gyaransa ba su yi wuya ba. Jikin nake tsoro. Motar nan ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da nauyinta, ga gishirin da ake watsa wa titunan can lokacin sanyi. Auta, ka ɗaga kafet? Ka leƙa ƙasan ƙofofi?

Auta: Na ɗaga na gefen direba, a bushe yake. Amma a ƙasan ƙofar baya ta hagu fentin ya ɗan kumbura, kamar ƙuraje uku. Mai ita ya ce na sama-sama ne.

Ɗan Goggo: Tsatsa daga ciki take fitowa. In ka ga kumburi a waje, ta daɗe da gama aiki a ciki. Ka koma da mayen ƙarfe ka bi wurin. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa, wato ƙullun cike rami. Kuɗin walda a can kuwa da awa ake lissafa shi.

Anti: Duk kuna maganar kuɗi. Ni yaran nake tunani. Babu jakar iska, kuma ka duba ko akwai bel a kujerar baya. Sannan yafe maka MOT ba ya nufin birki lafiya yake. In ka saya, ka riƙa kai ta gwajin da kanka.

Kawu: To in ta gagare shi, ya turo min ita gida.

Babban Yaya: Sitiyarinta a dama yake, Kawu. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da irinta a titi ba.

Auta: Na ji maganar mai, na yarda ba za ta maye motar zuwa aiki ba. Amma ban haƙura ba, Yaya. Ranar Asabar zan koma, na roƙi mai ita ya bari a ɗaga ta a gareji in ga cikinta. Ɗan Goggo, ka bar wayarka a kunne wajen ƙarfe sha ɗaya, zan kira ka da bidiyo.