Neman shawara: mu sauya wa yarenmu suna ko mu bar shi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana mu sakat. Mu 'yan sa-kai ne, shekara biyar ke nan muna gina wani ƙaramin yaren rubuta manhaja. Sunansa kalma ce gama-gari, wanda ya assasa aikin ya raɗa masa cikin raha. Yanzu in ka neme mu a Google sai ka sha wuya kafin ka gan mu, ga kuma wata manhajar kasuwanci mai irin sunan, har masu amfani da ita kan turo mana ƙorafinsu. Wasunmu sun ce a sauya, wasu sun ce sunan nan shi ne jarinmu. Mai assasa aikin kuwa ya yi gum. Me kuke gani?

Wani tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Malam, shirun nan nasa shi ne matsalarku, ba sunan ba. Ka tuna yaren Perl 6. Tun 2000 aka sanar da shi, bai fito cikakke ba sai Disamba 2015, kuma duk tsawon lokacin mutane na ɗauka sabuwar sigar Perl 5 ce, alhali yare ne daban. Masu Perl 5 suka koma kamar 'yan tsohon yayi, masu Perl 6 kuma suka gaji sunan da ba nasu ba. An yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, sai da Larry Wall, wanda ya ƙirƙiri Perl, ya amince da kansa sannan aka koma Raku a Oktoba 2019. Ƙuri'a ba za ta kashe muku wannan wutar ba matuƙar mai abu bai buɗe baki ba.

Wani mamba: Ni dai batun Google bai gamsar da ni ba. Akwai sunan yaren da ya kai Go wahalar nema? Tun 2009 mutane suka saba rubuta golang in suna bincike, kuma ba a sauya ba. Maganar kamfanin ce abin dubawa. Sun yi wa sunan rajista? Oak ake kiran Java da farko, rajistar wani kamfani ce ta sa aka sake masa suna a 1995. In haka ne naku, ku sauya da kanku tun kafin wasiƙar lauya ta iso.

Wata 'yar'uwa: Ɗan'uwa, kowa na maganar zaɓen suna, ba wanda ya tambayi wa zai yi aikin. Umarnin da ake bugawa, ƙarshen sunan fayil, sunayen laburare, adireshin intanet, darussan da mutane suka rubuta kyauta saboda ƙaunarku, duk tsohon suna ne a jiki. Da yaren PLT Scheme ya koma Racket a 2010, an bar tsofaffin shirye-shirye suna ci gaba da aiki, shi ya sa ba a yi kuka sosai ba. Ku yi haka. GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, zai riƙa tura mutane sabon adireshi da kansa, amma kada wani cikinku ya buɗe wata ma'ajiya da tsohon sunan, nan take turawar za ta yanke. Sannan kun kai siga 1.0, wato cikakkiyar fitowa ta farko? Nimrod ya zama Nim a 2014, shekara biyar kafin 1.0 ɗinsa, lokacin jama'ar ba su yi yawa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba mu kai 1.0 ba, muna 0.8. Kuma abin kunya, duk gardamar nan ba wanda ya duba batun rajistar a cikinmu. Gobe zan duba in sha Allah, sannan in kira mai assasa aikin a waya, tunda ya daina amsa saƙo.