Lambar girmamawa: ta ƙasa ce ko ta gwamnatin da ke kan mulki?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. A ƙarshen shekarar 2021 aka sanar da cewa Sarauniya Elizabeth ta ba tsohon firaministan Birtaniya Tony Blair lambar Garter, wadda tana cikin lambobi mafi daraja a Birtaniya, kuma cikin 'yan kwanaki mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke suna neman a janye ta saboda rawar da ya taka a yaƙin Iraƙi na 2003. Shin daidai ne a hana mutum girmamawa saboda manufofin ƙasarsa na waje, alhali majalisar dokoki ta amince da yaƙin? Sannan wanda ya mayar da lambarsa don nuna fushi, gwamnati ya yi wa raddi ko ƙasarsa ya wulaƙanta?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, Malama. Amincewar majalisa ba ta wanke wanda ya gabatar mata da hujjar da daga baya ta rushe. Rahoton Chilcot na 2016, wato sakamakon binciken rawar da Birtaniya ta taka a yaƙin, ya bayyana cewa Birtaniya ta shiga yaƙin tun kafin a ƙure hanyoyin sulhu, kuma sojojinta 179 sun rasa rayukansu, ban da ɗimbin 'yan Iraƙi da suka mutu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda gwamnatoci ke amfani da lambobin nan don wanke manufofinsu. A watan Disamban 2004, yaƙi yana tsaka da ci, shugaban Amurka George Bush ya ba George Tenet da Paul Bremer da Janar Tommy Franks lambar farar hula mafi girma a Amurka, alhali Tenet ne ya shugabanci hukumar CIA lokacin da aka yi iƙirarin cewa Iraƙi tana da makaman ƙare dangi, Bremer kuwa, wanda Amurka ta naɗa ya jagoranci mulkin Iraƙi bayan mamayar, shi ne ya rusa rundunar sojan ƙasar a 2003.

Tsohon Malami:
Malam Mai Nazari, ban ƙi ta taka ba, amma akwai abin lura. Lambar Garter kyauta ce daga fada kai tsaye, ba gwamnati ke zaɓen wanda za a ba ba, kuma an saba ba tsofaffin firaministoci: Margaret Thatcher ta samu a 1995, John Major a 2005. Haka nan Blair yana da hannu a yarjejeniyar zaman lafiyar Ailan ta Arewa ta 1998. Duk da haka na yarda cewa lambobi suna bin iskar siyasar waje, domin Birtaniya ta girmama Robert Mugabe na Zimbabuwe a 1994, sannan ta ƙwace lambar a 2008 da dangantaka ta yi tsami.

Bintun Adabi:
'Yar'uwa, zan tsaya a kan tambayarki ta biyu. Waɗanda suka mayar da lamba yawanci sun faɗi laifin da suke tuhumar hukuma da shi ƙarara, ba su zagi jama'a ba. Marubucin Indiya Rabindranath Tagore ya ajiye sarautar da Turawan mulkin mallaka suka ba shi bayan kisan kiyashin Amritsar a 1919. Mawaƙi John Lennon ya mayar da tasa lambar Birtaniya ta MBE a 1969, kuma cikin dalilansa akwai hannun Birtaniya a yaƙin basasar Nijeriya da goyon bayanta ga Amurka a Biyetnam. A Disamban 2020 ɗan jaridar Italiya Corrado Augias ya kai lambarsa ofishin jakadancin Faransa da ke Roma, domin shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ba shugaban Masar Abdel Fattah al-Sisi lamba mafi girma ta Faransa, alhali ana zargin jami'an tsaron Masar da kisan ɗalibi ɗan Italiya Giulio Regeni a Alƙahira a 2016. Ina ganin mutumin da ya yi haka darajar lambar yake karewa.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode muku duka. Misalin Faransa ya fi tsaya mini a rai, musamman da yake ba a gayyaci 'yan jaridar Faransa wurin bikin ba, sai daga hotunan da fadar shugaban Masar ta fitar mutane suka san an ba da lambar.