An ce sai an yi wa Baba allura a cikin ido, ya ce ba da shi ba

'Yar Tela:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman wanda aka taɓa yi wa wannan allurar, ko wanda ya raka wani.

Mahaifina tela ne, shekarunsa 63, ciwon suga kuma shekara 14 ke nan yana fama da shi. Wata huɗu da suka wuce ya fara cewa layin ɗinki yana lanƙwashe masa, ya miƙe tef ya ga kamar maciji. Muka ɗauka tabarau ne ya tsufa, aka canja, shiru. Yanzu ko zare zai zura sai ya kira yaronsa. Da aka ɗauki hoton bayan idon, likita ya nuna mana wani wuri a kwamfuta ya taso kamar tudu, ya ce ruwa ne ya taru a tsakiyar tantanin gani na idon dama. Maganin wai allura ce a cikin ƙwayar idon, wata-wata, sau da yawa kafin a san inda aka dosa.

Baba bai ce uffan ba sai da muka fito. Ya ce shekara arba'in yana riƙe allura, ya san abin da take yi wa yadi, babu mai kai ta idonsa. Ni kaina cikina ya ɗuri ruwa, shi ya sa na kasa lallashinsa. Da zafi? Mutum yana ganin allurar tana tahowa? Me ya hana a ba shi maganin ɗigawa?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ni an yi mini sau 11 a idon hagu, nan gani ya kori ji.

Ki gaya wa Baban ba zai ga allurar ba. Ta gefe ake shiga, ta farin ido, ana ce maka dubi can, kai kana kallon bango. Kafin nan an ɗiga maganin kashe zafi sau biyu ko uku har idon ya yi nauyi, an wanke shi da aidin, an sa wani ɗan ƙarfe da ke riƙe fatar ido don kada ka ƙifta. Wannan ƙarfen ya fi allurar damuna, wallahi. Ita kanta ji za ka yi kamar an danna ido da yatsa, kafin ka gama salati an cire. Na farko na riƙe gefen gado har hannuna ya yi tsami, likita ya ce "an gama", na ce an gama me?

Wahalar tana zuwa ne da yamma, in maganin ya sake ka. Idon zai riƙa yi kamar an watsa masa yashi, ga hawaye. Aidin ɗin ne. Ka kwanta, ka rufe ido, kada ka murza, da safe ya lafa. Sau biyu farin idona ya yi ja wur kamar an naushe ni, jikokina suka tsorata, ashe ɗan jini ne ya kwanta a sama-sama, cikin mako biyu ya washe da kansa.

Nas Mai Aikin Ido:

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar uwa. Tambayarki ta maganin ɗigawa ita ce ta kowa. Tantanin da ya kumbura, wato retina, yana can ƙarshen bayan ido. Abin da aka ɗiga a gaba hawaye ke wanke mafi yawansa, ɗan abin da ya shiga ba ya kaiwa can. Shi ya sa ake zuba maganin kai tsaye cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwayar ido. Ɗigo ɗaya ne ma, mililita 0.05.

Suga in ya daɗe yana cin ƙananan jijiyoyin jinin retina. Wurin sai ya rasa iskar da yake bukata, ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna VEGF, shi kuma sinadarin ya sa jijiyoyin yoyo. Ruwan ya taru a makula, ɗan wurin da muke karatu da gane fuska da shi, shi ya sa Baba ke ganin layi a lanƙwashe. Allurar tana kama VEGF ɗin ne ta ɗaure shi, yoyon ya tsaya, tudun ya sauka. Amma ido yana share maganin cikin makonni, suga kuwa yana nan, dalilin maimaitawa ke nan.

Yawancin magungunan allurar ba sababbi ba ne. Avastin don kansar hanji aka amince da shi a Amurka a 2004, shekara ɗaya bayan haka likitocin ido suka fara amfani da shi. Lucentis ya fito a 2006, Eylea a 2011, Vabysmo a 2022. Wani babban bincike da aka fitar a 2015 kan masu irin ciwon Baba ya nuna in ganin bai lalace sosai ba, Avastin da Lucentis da Eylea kusan kunnen doki suke yi. In ya yi ƙasa sosai, Eylea ya ɗan yi gaba a shekarar farko. Don haka ku tambayi likita wanne zai sa, da dalilinsa. Kuma in Baba ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya a 'yan watannin nan, ku faɗa tun kafin a fara.

Mai Shakka:

Ni dai a yi hattara. Kawuna an yi masa sau biyu, yanzu idon ko fitila ba ya gani. Ido ba abin wasa ba ne, kuma masu aikin asibiti ba za su taɓa faɗin aibun abinsu ba.

Nas Mai Aikin Ido:

Allah ya ba kawu sauƙi, Malam. Aibun kuwa zan faɗa. Mafi muni shi ne ƙwayar cuta ta bi allurar ta shiga ido. Ba ya kai mutum ɗaya cikin allura dubu, amma in ya faru aka yi jinkiri, ido yana tafiya. Alamarsa: maimakon sauƙi, bayan kwana ɗaya zuwa mako zafi yana ƙaruwa, gani yana raguwa, haske yana damun mutum. Wannan ba a jiran ranar komawa, ranar za a tafi, ko da dare ne. Akwai kuma hawan jinin ido na ɗan lokaci, sai yagewar retina wadda ta fi wancan wuyar samu.

Sai dai da yawan waɗanda na ga sun rasa gani bayan allura biyu, ciwon ne ya ci gaba da aikinsa bayan sun daina zuwa. Wasu kuma sun zo ne tantanin ya riga ya mutu, allura ba ta tayar da matacce.

Tsohon Direba:

Malama ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Bayan ta huɗu na fara karanta lambar mota daga nesa, na ce ai na warke. Wata uku ban leƙa ba. Ranar da na ga ƙofar ɗakina ta karkace na koma da kaina, hoton ya nuna tudun ya dawo har ya fi na da. Sai da aka sake farawa daga wata-wata, kuma akwai ɗan dishi-dishi a tsakiya da bai tafi ba har yau. Yanzu duk mako 10 nake zuwa, a hankali aka riƙa ja mini tazarar. Ku riƙe masa suga da hawan jini kuma, in ba haka ba kuna ɗiban ruwa ne da kwando.

'Yar Tela:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka, har na Malam Mai Shakka ban tsallake ba. Kwana biyu bai ce komai ba, ran na uku ya ce in kira asibitin.

Jiya aka yi. Abin da ya fito yana ba mu labari ba allurar ba ce, wai likitan sai da ya sa wani ɗan ma'auni ya auna milimita 4 daga gefen baƙin ido kafin ya soka. Ya tambayi nas ɗin ko kullum haka yake awo, ta ce kullum. Tun jiya yake maimaita mana wannan.

Daren jiya ya sha hawaye kamar yadda Baba Direba ya ce, yau da sauƙi. Amma yana ganin wani ɗan baƙin ƙwallo a ƙasa, in ya motsa kai shi ma ya motsa. Babu zafi. Malama, wannan na komawa ne ko mu jira?

Nas Mai Aikin Ido:

Da alama 'yar iska ce ta bi maganin ta shiga, takan ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu. In jibi yana nan, ko ɗige-ɗigen suka yi yawa, ko ya ga walƙiya ko wani labule ya rufe gefe, ku tafi nan take. Ki rubuta ranar allura ta biyu a inda zai riƙa gani.