Neman shawara: garmahon da muka tsinta a ɗakin kakanmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga wani ƙauye kusa da Malam Madori nake rubuto muku. Daminar bana ta kayar da bangon ɗakin marigayi kakanmu, muna cikin kwashe kaya sai muka ci karo da wani akwati a ƙarƙashin gadon ƙarfe, an naɗe shi da tsohon bargo. Girmansa kamar ƙaramar adaka, ja da ruwan madara, da mariƙi a gefe. Da na ɗaga marfin sai ga faranti mai juyawa, da hannu mai allura, da wani maɓalli an rubuta 16, 33, 45, 78 a kewayensa. Sunan kamfanin da ke gaba ya goge, amma kusa da farantin akwai BSR, a baya kuma "Made in England". Ta ramukan bayan ina hango kwalabe biyu tsaye kamar ƙwan fitila.

Gwaggona ta ce garmaho ne, Baba ya taho da shi daga Kano zamanin da yake awon gyaɗa ana lodawa a jirgin Nguru. Sai dai garmahon da nake jin labari wana shi ake yi da hannu, wannan kuwa waya ce da shi. Shekararsa nawa? Kuma in jona shi a janareta in gani ko zai yi? Wani ɗan jari-bola ma har ya taya.

Mai gyaran rediyo daga Gumel: Wa alaikumus salam. Ɗana, don girman Allah kada ka jona shi. Wannan nake so ka fara ji kafin zancen shekara. Da yawa daga cikin masu araha na wancan zamani ba a sa musu taransifomar da ke raba wutar gida da ƙarfen ciki ba, kana taɓa wani kusa sai wuta ta ɗauke ka. Ga kafasitocinsa, masu ajiye wuta a ciki, sun yi shekara da shekaru ba su ga wuta ba, sun bushe, kana ba su ta janareta kai tsaye sai ka ji tau, hayaƙi ya tashi. Kwalaben da ka hango su muke kira bawul, su ke ƙara ƙarfin sauti kafin tiransista ta zo ta kore su a shekarun 1960. Shi ya sa irin wannan in an kunna ba ya magana nan take, sai ya yi ɗumi tukuna.

Malamin makaranta, Ringim: Maɓallin nan ya riga ya ba ka rabin amsa. Faifai mai gudun 33, wato kimanin zagaye 33 a minti ɗaya, a 1948 kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka, mai 45 kuma RCA Victor a 1949. Gudun 16 sai tsakiyar shekarun 1950 aka fara ƙara shi. Ke nan naka bai riga wannan lokaci ba. BSR kuwa ba lallai su suka ƙera akwatin ba. Kamfani ne na wajen Birmingham da ke yin farantin da hannun allurar ya sayar wa wasu, irin su Dansette, su haɗa da nasu akwatin. Launin da ka faɗa ya yi kama da na Dansette, amma kamfanoni da dama sun yi irin wannan ado, ba zan rantse ba.

Wata 'yar'uwa daga Kazaure: Ka tuna min da gidan kawuna. Nasu wanda ake wanawa da hannu ne, mai hoton kare yana leƙa ƙaho, mu yara har rigima muke wa zai wana. Allah ya jiƙan mazan jiya. Ni dai kada ka sayar.

Wani matashi: Yaya, an ce fa irin waɗannan tsofaffin kaya akwai wani jan sinadari a ciki da ake saya da tsada. Ka bincika kafin ka saki.

Mai gyaran rediyo daga Gumel: Kai yaro, rabu da wannan tatsuniya. Na buɗe rediyo mai bawul ba adadi, ban da ƙura da gidan zanzaro ba abin da na taɓa samu. Da wannan zance 'yan damfara suke sa mutane su farfasa kayan gado. Mai tambaya, ga aikin da za ka yi, ba tare da wuta ba. Kwance marfin baya, ka riƙe bawul ɗin ta gindi, ka ɗan girgiza a hankali ka zare. Kada ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, rubutun fita yake. Ka karanto mana babban rubutun, sannan ka karkata shi a hasken rana, can ƙasa akwai wasu ƙananan haruffa dishi-dishi layi biyu. Ka duba kuma gwangwanin alminiyon da ke tsaye kusa da su, wani lokaci ana buga wata da shekara a jikinsa.

Mai tambaya: Na yi yadda Baba mai gyaran rediyo ya ce. Duka biyun Mullard ne, ɗaya UL84, ɗaya UY85. Layin ƙasa na UL84 ɗin B8D ne. Gwangwanin ya yi tsatsa, ban ga komai ba. Na kuma ga kan allurar yana juyawa, gefe ɗaya 78, ɗaya LP.

Malamin makaranta, Ringim: Madalla. B na nufin masana'antar Mullard ta Blackburn a Ingila, 8 ƙarshen shekara ne, D wata na huɗu. Da na 1968 ne da ka ga lamba ta huɗu ta mako a ƙarshe, tunda babu, Afrilun 1958 ke nan. Amma ka lura, shekarar bawul ce wannan, ana iya canja shi bayan an sayi akwatin. Sai dai ta yi daidai da maɓallin gudu huɗu, don haka in ka ce ƙarshen shekarun 1950 ba ka yi ƙarya ba. Ka tambayi Gwaggo ko kafin a ba da mulkin kai a 1960 aka kawo shi.

Mai gyaran rediyo daga Gumel: To ka ga abin da na faɗa, masu farawa da U ɗin nan su aka fi sawa a marasa taransifoma. Ko an gyara, kada yara su taɓa shi ƙafa ba takalmi. Kan allurar ma da wuya ya rayu, irin na gishirin nan ne da zafi da laima suke narkarwa, robar da ke juya farantin kuma ta zama dutse. Duk ana samun madadinsu. Ka nemi dattijon mai gyara a Sabon Garin Kano, wanda ya yi aiki da bawul, ba masu gyaran waya ba. In kun samu faifai tare da shi, kuma masu kauri ne masu nauyi, na 78 ne, fashewa suke kamar tangaran. Ka jera su a tsaye cikin inuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin kukansa ba, tun da aka kawo shi garin babu wuta, a zaure kawai Baba yake buɗe wa baƙi su gani. Faifai bakwai ne, biyu sun riga sun tsage. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Kano da shi.