Laftof ɗina ta zama hawainiya bayan na sabunta direban grafik

Salam jama'a, don Allah masana kwamfuta ku taimaka min. Laftof ɗina Windows 10 ce, RAM 8GB, SSD ne a ciki, da lafiya lau take aiki amma tunda na sabunta direban grafik (manhajar da ke sarrafa na'urar nuna hoto a allo) ta zama hawainiya. Linzami sai ya riƙa maƙalewa yana tsalle, bidiyo na yankewa sauti na kakkatsewa, fanka kuwa ba ta hutawa ko ban buɗe komai ba, ƙasanta zafi rau. Na duba Task Manager (inda ake ganin abin da ke gudana a kwamfuta) sai na ga System interrupts (aikin amsa saƙonnin sassan kwamfuta) ne ke cinye CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani lokaci ya haura kashi 30, abin da da ko kashi 2 ba ya kaiwa.

Na shiga Device Manager (inda ake sarrafa direbobi) zan danna Roll Back Driver don mayar da tsohon direban, maɓallin a dushe yake ba ya dannuwa. System Restore (mai mayar da kwamfuta yadda take a baya) ma babu komai a ajiye. Na goge direban na sake kunna ta, ta dawo daidai wallahi, amma ina jona intanet sai sabon ya sake sauka da kansa matsala ta dawo. A Safe Mode (yanayin da Windows ke tashi da muhimman direbobi kaɗai) garau take gudu, na yi sikanin kuma babu bairos. Wani mai gyara ya ce sai fomat, ni dai ban yarda ba tunda an riga an gane mai laifin, ga aikin makaranta duk yana ciki.

Ya zan yi in mayar da tsohon direban kuma in hana sabon sake saukowa da kansa ba tare da fomat ba? Na gode.